Nasiha ga matasan 'yan kasuwarmu na Legas: wa ke ambatonka in ba ka wurin?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu neman na kai a Ikko. Kuɗin hayar shago a garin nan ya isa ya cinye jarin mutum, tallar rediyo da allon bakin titi kuwa ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba ne. Tallar da ta rage mana ita ce bakin mutane, wato wani ya ce wa wani "je wurin wane, ba ya cuta". Sai dai yawancinmu, daga Mile 12 zuwa Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, junanmu kawai muka sani. Mai albasa abokinsa mai albasa, tare suke cin abinci, tare suke jiran mai saye guda. Wannan zumunci ne kuma da ladarsa, amma ba ya kawo sabon ciniki.

Wanda ya kamata ka nema shi ne wanda ke sayen irin kayanka a kai a kai, ko wanda masu sayenka ke bi ta hannunsa kafin su iso gare ka. In tumatir da tattasai kake sayarwa, mutanenka su ne masu girkin biki, don kusan kowace Asabar sai an yi shagali a Legas, sai masu buka, wato ƙananan gidajen abinci, masu injin niƙa da mai yi wa otal cefane. In dabbobi ne a Oko-Oba, ka san mahauta da masu suya, ka kuma san shugabannin unguwanni da na masallatai inda ake haɗa kuɗi a sayi sa a yi watanda, tun wata biyu kafin Babbar Sallah ko Kirsimeti. Tela ya san masu yadi a Balogun, mai gyaran waya a Computer Village ya san masu POS da masu kai saƙo a babur, waɗanda wayarsu ce abincinsu. Ka sayi littafi ka rubuta mutum 20 kacal: suna, sana'a, abin da yake saye, ranar da yake saye, da wanda ya haɗa ku. Lamba ɗari biyar a waya wadda ba ka san fuskar masu ita ba, ba ta kai waɗannan ashirin ɗin ba.

Zumunci a ƙafa yake, amma a san lokacin zuwa. Kada ka je wa mai girki ranar Juma'a tana fama da aikin gobe, ka bari sai Litinin ko Talata. Ka koyi gaisuwar Yarabanci ko da ta safe da ta yamma ce, ka ce Mama ko Alhaja, ka ɗan rusuna, domin mutanen nan suna riƙe girmama babba da muhimmanci. Zuwan farko ba na neman ciniki ba ne. Ka faɗi sunanka da kayanka da inda kake a taƙaice, sannan ka tambaye ta me ke ba ta wahala wajen sayen kaya. Amsar ba ta cika wuce uku ba: kaya sun makara saboda cunkoson hanya, saman kwando lafiyayye ƙasansa ruɓaɓɓe, ko an yi ciniki an dawo an ƙara kuɗi. Wanda ta ambata, shi za ka gyara. Ka roƙi ta gwada ka da kwando ɗaya, ka zazzage shi a gabanta ta ga ƙasansa, ka kuma fita da asuba kafin hanya ta cushe.

Bayan haɗuwa, ka tabbata ta ajiye lambarka a gabanka. Dalili shi ne saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Ka aika farashin ranar da safe tare da hoton kayan da ke gabanka, ba na makon jiya ba. Banda saƙon murya na minti biyar, banda jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba. Kuma don Allah a daina canza layi kowane wata. In kana son otal ko kamfani, ka yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, ka buɗe asusu da wannan sunan, ka buga rasit. Akawunsu ba zai tura kuɗi asusun ƙaninka ba komai kyan kayanka.

Sai maganar la'ada, wadda ta raba mutane da yawa. Duk wanda zai kawo maka mai saye, ku yanke abin da zai samu tun kafin a yi ciniki, ko a kan kowane kwando ko a kan kowane kai, ka kuma biya shi ranar da kuɗi suka shigo. Mafi muni shi ne ka zagaye shi a karo na biyu, ka kira mai sayen kai tsaye don ka cinye la'adar. Kasuwa ba ta da sirri, kafin mako ya zagayo labari ya kai masa, kuma ba shi kaɗai ka rasa ba, har da duk wanda zai kawo nan gaba. Kai ma ka riƙa tura wa wasu ciniki, amma sai wanda ka gwada, don in ya ci amana sunanka ne zai ɓaci.

Inda sanayya ta fi kayar da matasa shi ne bashi. Da an saba, sai a fara "kawo, in an tashi daga biki zan turo", kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a. Ka tuna kayan gwari ba sa jira, mai kayan da ya loda maka daga Kadawa ko Aliero shi ma yana jiran kuɗinsa. Ciniki uku na farko su zama kuɗi hannu. Bayan nan ka sa wa kowa iyaka, wadda ko ta salwanta ba za ta hana ka sarin gobe ba, ka rubuta adadi da ranar biya ka tura masa a waya ya amsa. Wanda bai biya na baya ba, ba a ɗora masa sabo, ko da tare kuke sallah a sahu ɗaya. Hoton shaidar tura kuɗi kuma ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka gani kafin kaya su bar hannunka.

Kada ka manta da mutanenka na Arewa, wato manomi, dillali da direban tirela. Su ne za su gaya maka motoci sun yi ƙaranci a hanya, ko damina ta fara taɓa tumatir. In ka ji, ka sanar da masu sayenka kwana biyu kafin farashi ya tashi, su yi tanadi. Mai girkin da ka tserar daga asara sau ɗaya, ita za ta kai sunanka wurin 'yan ƙungiyarsu.

Ka biya kuɗin ƙungiyar kasuwarku, ka halarci taro, shugabanni su san fuskarka, da na ɓangaren Sarkin Hausawa da na Iyaloja da Babaloja, wato shugabannin kasuwa na Yarabawa, tun kafin ranar da za ka buƙaci mai shiga tsakani. Baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta LCCI ke shiryawa a dandalin Tafawa Balewa cikin watan Nuwamba ma ba sai ka kama rumfa ba. Ka shiga a matsayin mai kallo da samfurin kayanka da katinka, ka zaɓi mutum biyar da sana'arsu ta haɗu da taka, ka kira su cikin kwana biyu tun ba su manta da kai ba.