Murjanin da ya yi fari ba sabon launi ba ne, ciwo ne

Wallahi tun da na ga hoton da wani ɗan'uwanmu mai kiwon murjani a tankin ruwan gishiri ya saka shekaranjiya raina yake ɓace. Ga abin da ya faru. Reshen murjani irin Acropora da aka tallata masa a matsayin "fari mai wuyar samu", ya biya kuɗi masu kauri, ko sati biyu bai rufa a tankinsa ba ya zama ƙashi tsura, gansakuka har ta fara hawa. Yanzu mai sayarwar yana cewa ruwan tankin ne bai yi ba. Malam, ka ji tsoron Allah. Abin da ka sayar masa tun a hannunka yake ciwo, kuma ka sani.

Murjani mai ƙashi dabba ce. Tsoka ce siririya a kan ƙashin da ta gina da kanta daga kalsiyam ɗin ruwan teku, a cikin tsokar kuma akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ake kira zooxanthellae. Su ke amfani da haske su samar mata da mafi yawan abincinta, su ne kuma ke ba ta wannan ruwan ƙasa-ƙasan da ke ƙarƙashin kowane launi. In zafi ya yi mata yawa ko ta wahala a hanya, sai ta amayar da su, tsokar ta koma kamar gilashi, farin ƙashin ya bayyana. Wannan shi ne farin da aka sayar wa yaron nan. Shi ne dai abin da ya sa hukumar NOAA ta Amurka, mai lura da tekuna da yanayi, ta sanar a watan Afrilun 2024 cewa duniya ta shiga karo na huɗu na kodewar murjani a tekuna. Masana na kuka da shi a matsayin annoba, wani kuma ya maƙala masa suna mai daɗi ya ninka farashi.

Na ga masu cewa a bar mutum ya nemi abincinsa. Ya nema mana, wa ya hana shi? Wasu kuma sun ce ai wanda ya kode yana iya farfaɗowa. Haka ne, a hannun wanda ya daɗe a harkar, da rage haske da ciyarwa da haƙurin watanni. To sai a rubuta cewa mara lafiya ne, a sa masa kuɗin mara lafiya, wanda ya ga zai iya jinya ya ɗauka.

Amma mu masu saye ma da laifinmu, kuma nan ne na fi son mu tsaya. Kada ka sayi abin da ba ka san sunansa na gaskiya ba. "Holy Grail" da "Walt Disney" sunayen talla ne. Na farkon Euphyllia glabrescens ne, na biyun Acropora tenuis. In mai kaya ya kasa gaya maka ko da jinsin abin da ke hannunsa, to bai san hasken da yake so ba, bai san ƙarfin guduwar ruwan da yake buƙata ba, kai ma haka za ka kai shi gida cikin duhu. Ganewa kuma ba ta da wahalar da ake zato. Ka ɗaga reshe ka dubi can ƙarshensa. In ka ga ɗan kofi guda ɗaya kamar bakin bututu a tsinin, sauran ƙananan kofuna suna jere a gefe, Acropora ne. Seriatopora rassansa sirara ne masu tsini, bakunansa, wato kofunan nan, a layi-layi. Montipora bakunansa ƙanana ne ƙwarai, galibi yana shimfiɗuwa kamar faranti ko ya lulluɓe dutse. Waɗannan su ne masu ƙananan bakuna, su ne masu saurin fushi. Masu manyan bakuna irin Euphyllia, Duncan, Caulastrea da Trachyphyllia tsokarsu kauri gare ta, tana kumbura ta rufe ƙashin, kuma yawancinsu sun fi yi wa sabon shiga uzuri.

Sannan ka dubi inda farin yake. Ɗan fari a tsinin reshen Acropora alamar girma ce, sabon ƙashi ne ke fitowa. Farin da ya taso daga gindi yana hawa sama, da iyaka a fili tsakanin tsoka da ƙashi, tsokar ce ke saɓulewa, wani lokaci a kwana ɗaya ta gama. A Euphyllia in ka ga wani abu ruwan ƙasa kamar majina a kan baki, ko haƙoran ƙashin sun huda tsoka sun fito, ajiye shi ka wuce.

Duk wannan ba za ka gan shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ba. Shuɗin haske yana sa kowane abu ya yi walƙiya, har mai shirin mutuwa. Ka ce a kunna farar fitila, ka ce a turo bidiyo da rana, ka tambayi wata nawa abin ya yi a tankin mai shi, kuma daga teku aka ciro shi ko rainonsa aka yi. Wanda ya ƙi, ya ba ka amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Batun asali ma ba wasa ba ne. Duk murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashe, ba sa tsallaka iyakar ƙasa sai da takardar izini. Da Indonesiya ta dakatar da fitar da su a 2018, sai a 2020 aka sake buɗewa, kowa ya ga yadda farashin Euphyllia ya yi tashin gwauron zabi. Ni dai ɗan guntun reshen da aka yi rainonsa a tankin wani ya fi min kwanciyar hankali. Ya saba da hasken fitila, ya saba da gishirin kwali, kuma ba a karya komai a teku saboda ni ba.

Kai kuma sabon shiga, tankin da bai kai wata shida ba bai isa ɗaukar Acropora ba. Ka fara riƙe gishirinka a 1.025 a ma'aunin gishiri, zafi tsakanin digiri 24 zuwa 26, kalsiyam 400 zuwa 450, alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin ruwan, wajen 8 ba hawa da sauka. In kana inda wuta ke ɗaukewa, zafin Afrilu yana haura 40, na'urar sanyaya ruwa da batirin inbata su ne sayayyarka ta farko. Duk abin da ka kawo kuma ka tsoma shi a maganin ƙwari kafin ya shiga tanki, don tsutsar da ke cin Acropora a jikin sabon kaya take zuwa.

Af, tunda an taɓo CITES, masu zuwa Jidda su kiyaye. Busasshen ƙashin murjanin da ake tsinta a bakin Bahar Maliya don ado a falo, shi ma dokar ta hau kansa, ana iya ƙwace shi a filin jirgi.