Kafin mu yi maganar tarayya, mu leƙa asusun maƙwabta

Tun da aka sa hannu kan yarjejeniyar AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, kalmar tarayya ta zauna a bakin 'yan fada. A nan Tawa, kafin a sauke shayi na biyu sai ka ji wani ya ce saura ƙiris mu zama ƙasa ɗaya da Mali da Burkina. To jama'a, abin da aka sa wa hannu ƙawance ne, kowace ƙasa na riƙe da ikonta da baitulmalinta. Tarayya wani abu ne daban, kuma ba sai mun je Amurka neman misali ba, ga Najeriya nan bayan Ƙonni. A ganina, duk wanda bai san yadda ake raba iko da kuɗi a can ba, ya ɗan sassauta mana wa'azin.

Mu a Nijar, gwamnan jiha naɗa shi ake yi daga Yamai, wanda ya naɗa shi kuma shi ke sauke shi. Gwamnan Sakkwato kuwa zaɓensa ake yi, yana da majalisarsa da kasafinsa. Sai dai kundin tsarin mulkin 1999 ya ja masa layi. Akwai jeri na abubuwa 68 da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka: soja, 'yan sanda, kwastan, shige da fice, kuɗin ƙasa, ma'adinai da man fetur. Akwai jeri na biyu da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai, irin su manyan makarantu da bunƙasa noma, amma sashe na 4 ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta jihar ce ke faɗuwa. Abin da bai shiga ko ɗaya ba ya rage wa jihohi.

'Yan kasuwarmu sun ga ma'anar wannan da idonsu. A watan Agusta 2019 Abuja ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020. Motocin albasar Galmi sun yi layi, buhunan ƙasa suna zubar da ruwa, direbobi na kwana a gindin taya. Mutane na ta cewa gwamnan Sakkwato ya sa baki mana. Iyakarsa roƙo, domin kwastan da iyaka suna cikin jerin farko. Haka a Agusta 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ke barazanar turo soja Nijar bayan juyin mulki, an ga amfanin sashe na 5: ba a tura sojan Najeriya yaƙi waje sai da yardar majalisar dattawa, dattawan kuma suka ce a bi hanyar sulhu.

Yin doka ba shi da wuyar ganewa. Dattawa 109 ne, uku daga kowace jiha 36 da ɗaya na Abuja, wakilai kuma 360. Ƙuduri ya sha karatu uku a kowane zaure, a daidaita shi ya zama rubutu ɗaya, a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowane zaure na iya tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Taɓa kundin kansa kuwa sai an haɗa da majalisun jihohi 24. Da haka ne a Maris 2023 aka bai wa jihohi hannu a wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari.

Inda gizo ke saƙa shi ne kasafi. Sashe na 80 ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnati ba tare da doka ba. Sashe na 81 ya ce shugaban ƙasa ya kai ƙiyasin shekara mai zuwa gaban majalisa, amma bai sa masa rana ba, cewa ya yi kowane lokaci cikin shekara. Sashe na 82 kuma ya ba shi damar ci gaba da kashe kuɗi har wata 6 bisa ma'aunin bara in kasafi bai fito ba. Haɗa waɗannan biyu, ka ga me zai sa wani ya yi gaggawa? Kasafin 2016 sai a Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 sai a Yuni. Ɗan kwangilar da zai zuba kwalta a arewa, in kuɗinsa ya fito a Yuli, damina ta riga shi wurin.

Kafin kasafin ma, dokar kula da kashe kuɗi ta 2007 ta ce a kawo tsarin shekara uku, a ciki ake yanke farashin gangar mai, da yawan gangunan da za a haƙo a rana, da canjin dala. Duk ginin a kan waɗannan duwatsu uku yake. In aka cika baki a yawan ganguna, kuɗin shiga ya gaza, ba a taɓa albashi, ba a taɓa biyan bashi, sai a danne kuɗin ayyuka. Shi ya sa za ka ga asibiti a takarda shekara uku a jere, a fili kuwa tubali ne ya kai iya taga, awaki na kwana a ciki. Amincewa da kuɗi daban, sakinsa daban. Har ta kai ana tsawaita ɓangaren ayyuka na kasafin wata shekara zuwa cikin ta gaba, kamar yadda aka yi wa na 2024.

Sai rigimar da ba ta ƙarewa: shin majalisa na da ikon ƙara kuɗi da cusa sabbin ayyuka, ko iyakarta ta rage ta amince? 'Yan majalisa na cewa su ne masu jakar kuɗi, fadar shugaban ƙasa na kiran abin cushe. Ni dai ina ganin laifin ba a ƙarin yake ba, a irin abin da ake ƙarawa yake. Rijiyar burtsatse da fitilun titi masu aiki da hasken rana, a ɗora su a kan hukumar da ba ta da injiniya ko ɗaya, babu binciken wuri, babu kuɗin gyara. Wata shida famfon ya tsaya.

Rabon arziki kuma kowane wata ake zama a kansa a Abuja. Bisa sashe na 162, kuɗin mai da kwastan da harajin kamfanoni na shiga asusun tarayya. A fara cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai a bai wa jihohin da aka haƙo su, sauran a raba: 52.68 ga gwamnatin tsakiya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Lura da wani abu: da yake ana ba kowace ƙaramar hukuma kasonta, yawansu ya zama kuɗi. Kano na da 44, Sakkwato 23, Bayelsa mai mai tana da 8. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya hana mutane barci. Kuɗin ƙananan hukumomin ma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, gwamnoni na yin yadda suka ga dama da shi, har kotun ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye.

Mu dawo gida. Yarjejeniyar AES ta tsaya kan tsaro da diflomasiyya da raya ƙasa. A Maris 2025 kuma aka amince da harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga waje don tafiyar da ƙawancen. Kuɗin na fitowa ne daga aljihun mai sayen shinkafa a kasuwar Tawa, don haka yana da haƙƙin tambaya: wace majalisa ce ke amincewa da kashe shi, wa ke binciken lissafinsa, a ina ake buga rahoton? In kuma wata rana aka ce tarayya ake so, sai a faɗa mana a fili ko kuɗin duwan ɗin Ƙonni da man Agadem da yuraniyom ɗin Arlit da zinariyar Mali za su shiga tukunya ɗaya, kashi nawa zai koma wa yankin da aka haƙo su, kuma wace kotu ce za ta raba gardama ranar da Yamai da Bamako suka saɓa a kan lissafi.