DBT za ta yi aiki a ko'ina, in an san abin da za a taɓa

Akwai mutanen da ɓacin ransu ke tashi da sauri, ya yi tsanani, ya daɗe bai sauka ba. Tsoron kada a guje su yana cin su a rai. Yau su ga mutum ba kamarsa, gobe su ga ba shi da wani alheri, wasu har su yanki jikinsu ko su yi yunƙurin kashe kansu. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan larura BPD, kuma an daɗe ana yi wa masu ita kallon waɗanda magani ba ya yi musu aiki.

Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ce ta tsara wa irin waɗannan mutane hanyar jinyar da ake kira DBT, wadda ake yi ta tattaunawa da koyar da dabarun shawo kan ɓacin rai. Da ta matsa wa majinyata su canza hali, sai suka ji ana ɗora musu laifi. Da ta koma sauraro da lallashi kaɗai, sai suka ga an bar su cikin azabarsu. Shi ne ta haɗa biyun: an karɓe ka yadda kake, kuma dole ka koyi wata hanyar. Gwajin da ta wallafa a 1991 ya nuna matan da suka bi tsarin sun rage cutar da kansu, kuma sun fi daurewa su ƙarasa jinyar. Sai a 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita ma an kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana da shekara 17.

Shin tsarin da aka gina a Amurka zai yi aiki a wasu al'adu? Ni a ganina, rabin dabarun da DBT ke koyarwa ba ruwansu da al'ada. Sanya fuska a ruwan sanyi yana rage bugun zuciyar kowa, ko da wane yare yake magana. Haka jan numfashi a hankali, da jinkirta yanke hukunci har zuciya ta sauka.

Inda nake da damuwa shi ne darasin mu'amala. Ana koya wa majinyaci ya faɗi buƙatarsa kai tsaye, ya kalli idon abokin maganarsa, ya ce a'a ba tare da kame-kame ba. Wannan ya dace da mutum biyu da suke tsara. To matar da ke zaune ƙarƙashin surukanta fa, a al'ummar da musu da babba laifi ne? Idan ta kwashi darasin yadda yake ta kai gida, rikicin da ta zo neman magani a kansa ne zai ƙaru. Dole a koya mata cimma buƙatarta ta hanyar da mutanenta za su saurara, ko da ta bakin wani da ake jin nauyinsa ne. A Nepal masu bincike sun sake tsara darussan domin matan karkara, kuma ai dama takardar da majinyaci ke cikewa kullum kan halin da yake ciki ba ta da amfani ga wadda ba ta karatu.

Haɗarin da ya fi girma yana wajen darasin karɓar gaskiya. Linehan ta ce larurar tana tasowa ne idan yaro mai saurin jin abu ya girma inda ake ƙaryata abin da yake ji, ana ce masa ba komai ba ne, ya yi shiru. Mai jinyar da bai fahimta ba zai iya mayar da wannan darasin ya zama “ki daure kawai”, wato ya maimaita ainihin abin da ya raunata majinyaciyar. Karɓar da ake nufi ita ce amincewa cewa abin ya faru kuma yana da ciwo, domin a samu ƙarfin yin wani abu a kai. Wannan ɓangaren kam, ban yarda a sassauta shi don a faranta wa kowace al'ada ba.

Sai batun tsada. Cikakken tsarin shekara guda ne, da ganawa da mai jinya duk mako, da ajin rukuni, da kiran waya lokacin da abu ya yi tsanani. Ƙasashe da yawa ba su da ma'aikatan da za su ɗauki wannan nauyi. Amma wani gwaji da aka wallafa daga Kanada a 2009 ya gano cewa kulawar likitan ƙwaƙwalwa mai tsari, a hannun waɗanda suka san larurar sosai, ta ba da sakamako daidai da na DBT. Don haka asibitin da ba shi da cikakkiyar tawaga ba shi da hujjar sallamar majinyaci hannu rabbana.