Tumatirin Almeriya da tumatirin Kura

A watan Janairu kamfanin da nake wa aiki a nan Jamus ya tura mu Almeriya, a yankin Andalus na kudancin Sifaniya, mu duba gonakin da muke sayen tumatir da tattasai da kokwamba a hannunsu. Kwana huɗu muka yi muna zagaye. Tun daga kan titi idan ka doshi garin El Ejido ba abin da za ka hango sai farar leda har bakin teku, rumfunan noma ne da suka rufe fiye da hekta 30,000 a lardin Almeriya baki ɗaya.

Ni ɗan Kura ne, a noman rani na tashi, don haka ƙasar na fara dubawa. Wallahi da a wajenmu ne ba wanda zai saye ta. Tsakuwa ce da fako, ruwan saman da suke samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, Kano ta ninka su fiye da sau uku. Ƙasar noman ma kawo ta suke yi su shimfiɗa, su zuba taki, su rufe da yashi don danshi ya zauna. Ruwan kuwa ta siririn tiyo yake ɗiga a gindin kowace shuka. Idan zafi ya taso sai su shafe rufin da farar ƙasa.

Na je da zaton gonakin na manyan attajirai ne. Ashe yawancinsu na iyalai ne, mai hekta biyu, mai uku. Abin da ya ƙara musu girma shi ne ƙungiyar gama kai. Manomi ya cire kayansa da safe ya kai ma'ajiyar ƙungiya, a auna, a tantance manya da ƙanana, a jera a kiret, a sa a ɗakin sanyi. Ƙungiya ce ke cinikin da manyan kantunan Turai, kuma tun kafin shuka an san irin da mai saye yake so. Mota mai firji ta yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 zuwa Jamus, tumatir ya iso ba ko ɗaya da ya fashe.

A ɗakin sanyin nan ne zuciyata ta koma Kwanar Gafan, kasuwar tumatir ta wajenmu a Kano. Muna da ruwan Tiga, muna da ƙasa mai albarka, kuma manomanmu na Kadawa da Garun Malam sun san aikinsu, ba na yarda a ce rashin iyawa ne. Amma kowa shi kaɗai yake fuskantar dillali. A lokaci guda kowa yake cirewa, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas. Wanda aka loda zuwa Legas kwando kan kwando ne cikin rana, na sama ya danne na ƙasa, kafin a kai kasuwar Mile 12 ruwa na tsiyaya daga motar. Ragowar a yanka a shanya a ƙasa a yi kauɗa. Duk mai zuwa mana da maganar a gina rumfunan leda, ni a ganina ya fara daga kiret da ɗakin sanyi da ƙungiya mai riƙon amana, domin asararmu bayan cira take faruwa.

Akwai abin da ba na fatan mu kwaikwaya. Masu durƙuson cirar a cikin zafin rumfa yawancinsu 'yan Afirka ne, daga Maroko da Senegal da Mali. A wajejen Níjar, wani gari a lardin Almeriya, na ga bukkokin tsohuwar leda da katako da wasunsu ke kwana ciki, ba famfo a kusa. Na yi wa wani matashi sallama ya amsa da fara'a, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Kano, sai ya ajiye kiret ɗinsa ya miƙo min hannu.