Sauya murya ba shi ne shiga hali ba

Yawancin masu fara koyon wasan kwaikwayo sun ɗauka shiga hali, wato zama mutumin da aka ba ka ka fito a matsayinsa, aikin maƙogwaro ne: a ƙara wa murya kauri idan mugu aka ba ka, a sa ta rawa idan tsoho ne, a daka tsawa idan an ce fushi. Kuskure ne, kuma raina yana ɓaci idan na ga yaro mai hazaƙa muryarsa ta dishe a kan wannan.

Murya tana bin abin da mutum yake so ne. Konstantin Stanislavski, ɗan Rasha da ya kafa gidan wasan kwaikwayo a Mosko tare da abokin aikinsa a 1898, ya riƙa sa ɗalibansa su tambayi kansu: me mutumin da nake fitowa a matsayinsa yake nema a daidai wannan lokaci? Ɗauki kalmomi uku: "Ina ka je?" Uwar da ta kwana ido biyu tana jiran ɗanta za ta faɗe su numfashinta sama-sama, hannunta na shafa kansa. Matar da ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya kuwa a hankali za ta faɗa, ko kallon mijin ba ta yi ba, tana ta tuƙa tuwonta. Babu wadda ta ɗaga murya.

Don haka atisayen shi ne maimaita jimla ɗaya da niyya iri-iri, ka naɗa a waya, ka saurari kanka. Ƙarfin murya daga numfashin ciki yake fitowa, kuma a gaban kyamara makirufo yana kama ko raɗa ce.