Yaushe ya kamata mai ƙaura zuwa Legas ya kama gidan haya?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa dabara ita ce a biya kuɗin gida tun ana saura wata uku ko huɗu a tashi, ana daga Kano ko Kaduna, don kada a rasa. Wannan kuskure ne, domin a Legas ana karɓar hayar shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali da kuɗin lauya, kuma masu gida sukan fara lissafi daga lokacin da aka biya, ko mutum ya tare ko bai tare ba. Ban da haka, biya daga nesa yana ba 'yan damfara dama su karɓi kuɗin gida ɗaya a hannun mutane da dama.

Abin da ya dace a fara da wuri shi ne tara kuɗi da tambayar farashin unguwanni. Neman gidan kansa ya fi kyau idan ya rage mako huɗu zuwa shida a tare, mutum yana garin, ya gwada hanyar zuwa wurin aiki da safe. Idan an dace da Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ke kwanciya a titunan Lekki da Ajah, alamar ruwa a jikin katanga za ta nuna abin da dillali ba zai faɗa ba.