Lambar da ta ƙi rabuwa

Jiya bayan Isha'i a majalisarmu ta Shara Mansur aka yi mini ca. Laifina kawai na ce an gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320 wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, wannan ai aikin ƙoshi ne. Me za a ci da ita?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Haka ne, Baba," don girmansa, amma a raina ban yarda ba.

Yaranmu da ke karatu a nan Makka sun san irinta, adad awwali suke ce mata. Ka ba yara dabino 7 ka ce su raba daidai. Ko su biyu ne, ko uku, ko shida, sai an yi saura, sai fa in su bakwai ne cif. To haka 11 take, haka 13, haka wannan ƙatuwar.

Wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, shi ya zaƙulo ta a Oktoban 2024 da taron kwamfutoci. Ka jera 2 sau 136,279,841 kana ninkawa, ka cire 1, ka same ta. In za ka karanta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka haura kwana 470. Kuma kada a ɗauka duk wadda aka gina haka tana ƙin rabuwa. 3, 7, 31 da 127 sun ƙi, amma 2047 ta ba da kai, 23 sau 89 ce. Shi ya sa irin waɗannan lambobi, da ake kira da sunan Mersenne, wani masani Bafaranshe na ƙarni na 17, har zuwa 2024 guda 52 kacal aka samu masu ƙin rabuwa.

Gaskiyar Baba ɗaya ce: ita wannan ƙatuwar ba ta sayen ko burodi. Ƙannenta masu alƙaluma ɗaruruwa su ke aiki. Ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo iyayen, kwamfuta ma sai ta tsufa. Da wannan wahalar aka ƙera makullin RSA a 1977, irin da ke tsare sirrin mutane a intanet.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke ɗaukar lissafin nan kayan Turawa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta rabon gado ya ji tawafuƙi da tabayuni, wato lambobi biyu su haɗu a kan mai raba su, ko su ƙi haɗuwa sam. Baban da ya yi mini dariya, da kansa na ga ya raba gadon maƙwabcinmu da wannan ƙa'idar, yana zana lambobi a bayan kwalin shayi. A Bagadaza kuwa masanin lissafi Sabit bin Ƙurra ya yi aiki a kan 220 da 284 da ire-irensu, wato lambobi biyu da in ka tara masu raba ɗaya (ban da ita kanta) sai ka sami ɗayar, tun ƙarni na 9, lokacin babu banki balle kati.

Yau da Isha'i zan koma majalisar da dabino 13 a aljihu, in miƙa wa Baba ya raba mana. Mu shida ne.